Girgiza a Rayuwarmu ta Kullum: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban kimiyya da kanikawa da masu injin niƙa da direbobi suke yawan maimaitawa idan zance ya biyo ta kan abin da ke rawa ko karkarwa ko ƙugi. An faro daga tushe, aka gangaro kan inji da gini da lafiyar jiki. Ana iya karanta kowace amsa ita kaɗai, amma amsar da ta yi bayanin rezonans ita ce sauran suka fi jingina da ita.

Mece ce girgiza a wurin masana fiziks?

Girgiza ita ce kai-komon da abu yake yi a gefe da gefen mazauninsa. Abu biyu ne suke haɗuwa su haifar da ita. Na farko wani ƙarfi ne da ke jawo abin ya koma mazauninsa duk sa'ad da aka gusar da shi. Na biyu nauyin abin ne, wanda ke hana shi tsayawa cak idan ya iso mazaunin, sai ya zarce zuwa ɗaya gefen.

Dubi guga da ke rataye a bakin rijiya. In ka ture shi gefe, jan ƙasa zai dawo da shi tsakiya, amma lokacin da zai iso tsakiyar ya riga ya ɗauki gudu, don haka sai ya wuce, jan ƙasa ya sake dawo da shi. Haka fatar ganga take yi, haka sifirin ɗin mota, haka falwayar lantarki a cikin iska, haka bene mai hawa ashirin. Bambancinsu kawai shi ne abin da ke yin jan: wani nauyi ne ke jansa, wani kuma taurin ƙarfe ko ɗamewar fata.

Da me ake auna ta?

Ana duba abu biyu, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Ɗaya shi ne saurin kai-komo, wato sau nawa abin ya je ya dawo cikin sakan guda. Ma'auninsa shi ne hertz, sunan Bajamushen masani Heinrich Hertz wanda ya rasu a 1894. Abin da ya je ya dawo sau 50 a sakan, an ce yana girgiza a hertz 50. Ɗayan kuma shi ne faɗin kai-komo, wato nisan da abin yake gusawa daga mazauninsa.

A kunne, sauri shi ke sa murya ta yi siriri ko ta yi kauri, faɗi kuwa shi ke sa ta yi ƙarfi ko ta yi ƙasa-ƙasa. Fiffiken sauro yana kaɗawa wajen sau 400 zuwa 600 a sakan, shi ya sa kukansa siriri ne ko da yake ba shi da ƙarfi. Tambari kuwa a hankali fatarsa take kai-komo, amma da faɗi, har a ji shi a ƙirji.

Sauti da girgiza abu ɗaya ne?

Sauti girgiza ce da ta bi ta cikin iska ko ruwa ko ƙarfe ta iso kunne. Abin da ke rawa yana matse iskar da ke jikinsa ya sake ta, ita kuma ta matse ta gabanta, har abin ya iso dodon kunne. Iskar ba ta tashi daga bakin mai magana ta zo kunnenka, matsewar ce take tafiya. Daga dodon kunne wasu ƙananan ƙasusuwa uku su karɓa su miƙa wa wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, inda ƙwayoyi masu gashi suke mayar da motsin saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga hertz 20 zuwa kusan 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. Giwaye suna kiran juna da sautin da ya gaza hertz 20, jemagu masu farautar ƙwari kuwa suna amfani da wanda ya wuce 20,000. A iska sauti yana tafiyar mita 343 a sakan idan zafi ya kai digiri 20, a ruwa kusan mita 1,500, a ƙarfe kuwa sama da mita 5,000. Shi ya sa in ka ga walƙiya ka ƙirga sakan uku kafin ka ji tsawa, to ta faɗi a nisan kusan kilomita ɗaya.

Ta yaya kalangu yake canza murya har ya yi magana?

Saurin girgizar fata ko tsirkiya ya dogara da ɗamewarta da tsawonta da nauyinta. Makaɗi in ya matse kalangu a hammata, igiyoyin da ke jikinsa suna ja, fata ta ɗame, ta riƙa komawa mazauninta da sauri, murya ta yi sama. In ya sassauta, ta sauko. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, makaɗin da ya ƙware yana bin wannan hawa da sauka har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Wannan dalili ne kuma ya sa ganga take dusashewa da damina: fata ta sha laima ta saki, sai an shanya ta ko an kanga ta a wuta ta sake ɗamewa.

Mai goge tsawo yake wasa da shi. Duk inda ya ɗora yatsa ya rage tsawon tsirkiyar da ke rawa, kuma in ya rage ta zuwa rabi, saurin girgizarta ya ninka sau biyu. Ɗamewa ba ta da saurin tasiri haka: sai an ninka ta sau huɗu kafin sauri ya ninka sau biyu. Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya tura iska mai yawa, don haka aka ɗora ta a kan ƙoƙo mai rufin fata, shi ne yake karɓar rawar ya watsa ta. A kakaki da sarewa iskar da ke cikin bututu ce take girgiza, kuma dogon bututu murya mai kauri yake bayarwa.

Maƙogwaron mutum ma haka yake aiki. Tantanin murya na babban namiji yana kaɗawa tsakanin sau 85 da 180 a sakan idan yana magana, na mace kuwa tsakanin 165 da 255, saboda na namiji ya fi tsawo da kauri.

Mene ne rezonans, kuma me ya sa ake yawan ambatarsa?

Kowane abu yana da saurin girgizarsa na asali, wato saurin da yake rawa da shi idan an taɓa shi an ƙyale shi. Abu mai tauri marar nauyi yana rawa da sauri, mai nauyi da laushi kuma a hankali. Rezonans shi ne abin da ke faruwa idan aka riƙa tura abu daidai da wannan sauri nasa. A lokacin kowace turawa tana ƙaruwa a kan ta baya, sai ƙaramin ƙarfi ya tara babban motsi.

Yaro mai tura ƙanensa a lilo ya san wannan tun bai shiga aji ba. Ba ya turawa sai lilon ya iso gare shi ya fara komawa, kuma da ɗan yatsa ma yana iya kai shi sama. In ya tura ba a kan lokaci ba, tsayar da lilon zai yi. Lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo tsawon igiya ne yake yanke shi, ba nauyin wanda ke kai ba, abin da Galileo ya lura da shi a Italiya fiye da shekara 400 da suka wuce. Igiya mai tsawon mita ɗaya tana ɗaukar kusan sakan biyu, kuma sai an ninka tsawon sau huɗu kafin lokacin ya ninka sau biyu.

A ganina duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ilimin girgiza. Idan gilashin taga yana kuka duk sa'ad da tirela ta wuce, ko kwanon rufi yana amsawa in an tayar da inji, tambayar farko ita ce: mene ne yake turawa, kuma da wane sauri? Amsoshin da ke ƙasa kan ruwan bokiti da gada da sitiyari da girgizar ƙasa duk a kan wannan tambaya suke.

Me ya sa ruwa yake fantsama daga bokiti idan ana tafiya da shi?

Ruwan da ke cikin matsakaicin bokiti yana tangal-tangal gaba da baya kusan sau biyu a sakan, mutum kuma a tafiyarsa ta yau da kullum yana taku kusan biyu a sakan. Saurin biyu sun dace, don haka bayan 'yan taku kaɗan ruwa ya fara tsallake baki. Canza taku yana rage abin. Ganye ko ƙoƙon da mata suke ɗorawa a kan ruwa yana danne igiyar ruwan kafin ta girma. Tankar mai ma ana yi mata shamaki a ciki saboda wannan dalili, kuma direbobi sun san tankar da take rabi ta fi cikakkiya wuyar riƙewa a kwana ko wajen taka birki.

Da gaske ne takun sojoji ko iska na iya karya gada?

Ya faru. A 1831 gadar Broughton da ke kusa da Manchester a Ingila ta rushe yayin da sojoji suke ƙetare ta da taku ɗaya, kuma daga nan aka ba sojojin Birtaniya umarnin su warware taku in za su hau gada. Gadar tana da rauni a ƙarfenta tun farko, takun ne ya ƙarasa ta.

Misali mafi kusa shi ne gadar Millennium ta masu tafiya a ƙafa a kan kogin Thames a Landan. An buɗe ta ranar 10 ga Yuni, 2000, aka rufe ta bayan kwana biyu. Ba wanda ya ce wa jama'a su yi taku ɗaya. Da gadar ta ɗan karkata gefe, kowa sai ya gyara takunsa don kada ya faɗi, gyaran kuma ya sa dubban ƙafafu suka riƙa tura ta a lokaci guda, kusan sau ɗaya a sakan. Sai a Fabrairun 2002 aka sake buɗe ta, bayan an ɗaura mata na'urorin kwantar da girgiza.

Gadar Tacoma Narrows a Amurka ita ce aka fi nunawa a aji, amma bayaninta ya ɗan bambanta. An buɗe ta a Yulin 1940, ta faɗi ranar 7 ga Nuwamba na shekarar, a iskar da gudunta yake wajen kilomita 65 a awa. Iskar ba bugu-bugu take yi daidai da saurin gadar ba. Murɗewar da gadar take yi ce take canza yadda iska ke ratsa ta, canjin kuma ya ƙara murɗewar, har ƙarfe ya gaza. Tun daga lokacin ake gwada samfurin manyan gadoji a cikin na'urar hura iska kafin a gina su.

Me ke kashe girgiza?

Gogayya. Duk kai-komo yana asarar wani ɓangare na ƙarfinsa ga iska ko ga gugar da sassa ke yi wa juna, ƙarfin ya koma zafi, motsi ya lafa. Injiniyoyi suna ƙara wannan asara da gangan. Sifirin ɗin mota yana karɓar bugun rami, amma shi kaɗai zai bar mota tana ta tsalle. Shokozoba ce take tilasta mai ya bi ta ƙananan ƙofofi, ta mayar da tsallen zafi. In ka danna gefen mota ka saki ta yi ta lilo sau da yawa, shokozoba ta mutu, kuma taya da ke tsalle ba ta kama ƙasa yadda birki zai ci.

Akwai wata dabara kuma: a rataya wani nauyi da aka daidaita saurinsa da na ginin, ta yadda in gini ya yi dama shi ya ja baya. Benen Taipei 101 a Taiwan, mai tsawon mita 508, yana da dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 a rataye kusa da ƙololuwarsa. Ƙanensa yana nan a kan manyan falwayoyin lantarki da ke bin gefen hanyoyinmu: waɗannan ƙananan ƙarafa masu kai biyu da ke maƙale kusa da turaku suna shanye karkarwar da iska ke sa wa waya, don kada ta gaji ta tsinke a wurin ɗauri.

Me ya sa janareto da injin niƙa suke girgiza, kuma me za a yi?

Duk abin da ke juyawa, in nauyinsa bai daidaita a kewayen sandarsa ba, gefen da ya fi nauyi zai riƙa fizgar injin sau ɗaya a kowane zagaye. Ƙarfin fizgar yana ƙaruwa da sauri ƙwarai: in gudu ya ninka sau biyu, fizga ta ninka sau huɗu. Ga kuma fistin da ke hawa da sauka da fashewar mai a cikin silinda. Lantarkin Nijeriya da Nijar hertz 50 ne, don haka ƙaramin janareto yana juyawa sau 3,000 a minti, manya da yawa kuma sau 1,500. Ƙugin taransifoma daban ne, domin ba abin da ke juyawa a cikinta: ƙarfen cikinta ne yake ɗan miƙewa ya tsuke sau biyu a kowane zagayen lantarki, sai a ji hertz 100.

Roba ko tsohuwar taya a ƙarƙashin inji tana aiki ne idan ta yi laushin da saurin rawar injin a kanta ya yi ƙasa sosai da saurin juyawarsa. Roba mai tauri, ko wadda ta tsufa ta bushe, tana iya ƙara abin. Wannan ne kuma ya sa inji yake jijjiga da ƙarfi na ɗan lokaci wajen tashi da wajen mutuwa: yana ratsawa ne ta daidai saurin rezonans ɗin mazauninsa. Babban injin niƙa yana son a kafa shi a kan kankare mai nauyi da aka raba da bangon gini, in ba haka ba maƙwabta ne za su riƙa jin sa a ɗakunansu. A riƙa duba noti, domin girgiza tana kwance su sannu a hankali. Kuma don Allah kada neman rage ƙara ya sa a shigar da janareto ɗaki ko a rufe shi inda iska ba ta ratsawa; hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Me ya sa sitiyari yake rawa a wani gudu, in an wuce shi ya daina?

Tayar ƙaramar mota tana cin kusan mita biyu a zagaye ɗaya. A gudun kilomita 100 a awa tana zagayawa kusan sau 14 a sakan. Ƙafar mota kuwa, da tayarta da sifirin ɗinta, saurin rawarta na asali yana tsakanin hertz 10 da 15. Saboda haka taya marar balansin ba ta damun kowa a cikin gari, sai an hau babbar hanya an kai wajen 80 zuwa 110 sannan sitiyari ya kama karkarwa. In an ƙara wuta an wuce rezonans sai rawar ta ragu, amma matsalar tana nan tana cin boris da taya. Maganinta 'yan ƙananan dalma ne da mai balansin yake maƙalawa a wili. In kuma rawar ba ta zuwa sai an taka birki, a duba faifan birki.

Gargadar da ke fitowa a hanyar burji ma tayoyi ne suke yin ta. Taya ta yi tsalle a kan ɗan tudu, ta sauka ta ture ƙasa gaba, ta bayanta ta yi tsalle a wurin, har hanya ta zama kunya-kunya.

Akwai inda girgiza take da amfani?

Da yawa. Injin buga bulo yana girgiza ne don yashi da siminti su zauna su cike gurbi. Wajen zuba kankare ana cusa sandar girgiza don ta fitar da iskar da ta maƙale, kuma ginshiƙin da ba a yi masa haka ba yakan fito da ramuka da rodi a waje, ya rasa ƙarfinsa. Mai tankaɗe da rariya da mai bakace da faifai girgiza suke yi don raba gari da tsaki, ko mai nauyi da marar nauyi. A cikin waya, ƙaramin injin lantarki ne mai nauyi a gefe guda, ko wani ɗan nauyi a kan sifirin, yake sa ta rawa in an kira, wato abin da ake gudu a janareto shi aka sa da gangan.

A asibiti, sikanin da ake yi wa mai juna biyu sauti ne mai saurin miliyoyin hertz. Na'ura tana aika shi cikin jiki ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa, ta zana hoto da ita. Man da ake shafawa a ciki yana kore iskar da ke tsakanin na'ura da fata, domin iska tana mayar da sautin baya. Sikanin ba irin hasken hoton ƙashi ba ne. Tun 1980, da aka fara a birnin Munich na Jamus, ana farfasa tsakuwar ƙoda da bugun sauti daga wajen jiki ba tare da tiyata ba.

Wace alaƙa ke tsakanin agogo da girgiza?

Agogo ƙirga kai-komo yake yi. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656, bisa abin da aka faɗa a amsar rezonans cewa lokacin lilo tsayayye ne. Agogon batir na yau yana da ɗan ƙanƙanin dutsen kwatz da lantarki ke sa shi rawa sau 32,768 a sakan. An zaɓi adadin ne don in aka raba shi biyu sau 15 a jere zai ba da ɗaya daidai. Tun 1967 kuwa ma'anar sakan ita kanta ta koma kan ƙwayar zarra ta sinadarin siziyam: kai-komo 9,192,631,770 na hasken da take amsawa. Da irin waɗannan agogo taurarin ɗan'adam suke gaya wa wayarka inda kake.

Me ya sa girgizar ƙasa take rusa wani gini ta bar na kusa da shi?

Ingancin gini ne kan gaba, amma rezonans yana da hannu. Gajeren gini yana rawa da sauri, dogo a hankali, kuma wanda saurinsa ya dace da na ƙasa shi ne ya fi shan wuya. Ranar 19 ga Satumba, 1985, girgizar da ta taso daga gaɓar teku mai nisan sama da kilomita 300 ta yi mummunar ɓarna a birnin Meziko. Tsakiyar birnin tana kan laka mai laushi ta tsohon tafki, lakar kuma ta riƙa lilo kusan sau ɗaya a sakan biyu. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 ne suka fi rushewa, gajeru da dogaye sosai da yawa suka tsira.

Yankinmu ba ya bakin manyan tsagogin ƙasa, amma ba a ce ba ya motsi ba. Accra ta yi babbar girgiza a 1939, an ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a 2018. Masu gida kusa da wurin fasa dutse da nakiya ko hanyar manyan motoci su lura da tsagar bango: a yi mata alama da kwanan wata a ga ko tana ƙaruwa, in tana ƙaruwa a kira injiniya.

Girgiza tana cutar da jiki?

Tana yi, kuma wannan ita ce amsar da na fi so ta isa ga masu aikin hannu. Wanda ya shekara da shekaru yana riƙe injin fasa kwalta ko giranda ko injin yankan itace yana iya lalata jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini na yatsunsa. Abin yana farawa da jin kamar ana tsira allura, da mutuwar yatsu bayan aiki. Daga baya yatsu su riƙa yin fari suna ciwo in an yi sanyi, musamman da hunturu, mutum ya kasa ɓalla maɓalli ko ɗaukar ƙaramar ƙusa. Likita Alice Hamilton ta bayyana wannan ciwo a wurin masu sassaƙa dutse a Indiana ta Amurka tun 1918. In ya yi nisa ba ya warkewa, don haka alamar farko ita ce lokacin zuwa asibiti. A rage awannin riƙe injin, a riƙa karɓa-karɓa, kada a damƙe shi da ƙarfi fiye da buƙata, a wasa baki ko a canza faifan da ya cinye, a ɗumama hannu. Taba tana ƙara tsuke hanyoyin jinin.

Jiki gaba ɗayansa ma yana da nasa saurin. Gangar jikin mutumin da ke zaune ta fi amsawa a wajen hertz 4 zuwa 8, kuma a nan yawancin jijjigar tarakta da tifa da babur a mummunar hanya take. Ciwon baya na direbobi yana da alaƙa da wannan. Kujera mai kyau, iskar taya daidai, rage gudu a gargada da sauka a miƙe ƙafa suna taimakawa. Lilo na a hankali sosai, ƙasa da sau ɗaya a sakan biyu, shi ne mai tayar da zuciya a mota ko jirgin ruwa.

Sai kunne. Ƙwayoyin gashin da aka ambata a amsar sauti ba sa sake tsirowa in sun mutu. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana illa in ana wuni a cikinta awa takwas kullum, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da kunne zai jure zuwa rabi. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, wurin ya kai a toshe kunne. Yaran da ake bari suna wuni a gindin injin markaɗe su ne abin tausayi, domin ba za a gane asarar ba sai sun girma.

Na'urorin girgiza da ake tallatawa don narkar da tumbi ko gano cuta fa?

Tausa da na'ura mai girgiza tana iya sassauta tsoka ta sa a ji daɗi na ɗan lokaci. Amma jijjiga ciki da ɗamara ba ta narkar da kitse, kuma na'urar da za ka riƙe sandarta minti ɗaya ta lissafo maka ciwon hanta da ƙoda daga wai girgizar jikinka ba ta da madogara a kimiyya. Girgiza ta gaskiya ana auna ta, kamar yadda aka gani a amsa ta biyu. A tambayi mai talla: mene ne yake girgiza, hertz nawa, wa ya auna? Haɗarin shi ne mai hawan jini ko ciwon sukari ya bar maganinsa saboda takardar da irin wannan na'ura ta buga masa.

Za a iya gane ciwon inji daga girgizarsa kafin ya lalace?

Ana iyawa, kuma tsofaffin kanikawa sun daɗe suna yi. Bakanike yakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji ya kara kunne a ƙotarsa, domin ƙarfe yana kawo sautin wurin da aka taɓa kai tsaye, ba tare da hayaniyar gareji ba. Mai yin haka ya tattare rigarsa ya nisanci bel da fanka.

A manyan masana'antu da tashoshin lantarki ana maƙala na'urar auna motsi a kan gidan boris, kwamfuta ta warware girgizar zuwa sauri daban-daban da ke cikinta, da lissafin da Bafaranshe Joseph Fourier ya wallafa a 1822. Kowace matsala tana da inda take bayyana. In girgiza ta fi ƙarfi daidai da saurin juyawar inji, galibi rashin daidaiton nauyi ne. In ta fito a ninki biyu na saurin, sau da yawa sandunan injin lantarki da famfo ne ba su miƙe da juna ba. Boris da ya fara ci yana ba da siririn sauti mai sauri sosai tun makonni kafin ya kama zafi. Mai ƙaramin inji ba ya buƙatar duk wannan: ya saurari injinsa ya taɓa jikinsa lokacin da yake lafiya, ko ya naɗi sautinsa a waya daga wuri guda, ya riƙa kwatantawa duk wata. In sauti ko rawa ta canza, a kashe a duba noti da mazauni da bel da boris kafin a sake tayarwa.